Takardar da Ta Shekara a Jakar Baba

Baba ya so in zama likitar mata. Ƙanwarsa da suke ɗaki ɗaya ta rasu a kan gwiwa tun ba a haife ni ba, a bayan motar da aka ɗauko don kai ta asibiti, kuma bai taɓa ba da labarin ya kai ƙarshensa ba. Shi ɗan kasuwa ne a ƙasar Gumel. Gyaɗa da riɗi yake saye a ƙauyuka ya tara, ranar Alhamis kuwa sai dai a neme shi a Maigatari. Bai yi boko ba, da ajami yake rubuta lissafinsa a wani littafi mai baƙin bango. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun likita sai da ya yanka rago, ya ce da 'yan majalisarsa, "Daga yau matan garin nan sun yi likita."

Da wannan niyyar na shiga, da ita kuma na fito. Abin da ya karkatar da ni ya faru ne a shekarar da sabon likita yake zagaya sassan asibiti kafin a ba shi cikakken lasisi. Wani dare aka kawo wata matashiya tana murƙususun ciwon mara, bayan ta sha maganin olsa da na taifot a kemis har ta gaji. Jikinta ya yi sanyi, manyanmu suna ta shawara. Aka kira likitan rediyoloji mai kwana, wato likitan da ke karanta hotunan cikin jiki. Ya sauko da silifas, idonsa jajur don barci, ya shafa mata man nan mai sanyi, ya ɗora kan na'urar sikanin. Bai daɗe ba ya ɗago ya ce, "Ciki ne a wajen mahaifa, ya fashe, jini ya cika mata ciki. Ku kira tiyata." Ya rubuta 'yan layuka ya koma. Matar ta rayu. Ranar sallama mijinta ya kawo wa wanda ya yi mata aiki kaji, ya yi ta zuba godiya, kuma ya cancanta. Amma har suka bar asibitin ba su san da mai silifas ba.

Da na gama hidimar ƙasa na gaya wa Baba abin da na zaɓa, wato rediyoloji. Ya yi shiru, can ya ce, "To ke hoto za ki riƙa ɗauka ke nan?" Na ce masa masu ɗaukar hoton daban ne, su ma ƙwararru ne da digirinsu da hukumarsu, ni nawa shi ne in karanta hoton in faɗi abin da ke jikin mutum. Ya ce Allah ya yi albarka. Umma ce ta tsegunta mini daga baya cewa in an tambaye shi a majalisa sai ya ce, "Tana can tana ƙarin karatu," ya kawo wani zancen.

A Najeriya ƙofa biyu ce likita yake bi ya zama ƙwararre a wannan fanni: kwalejin ƙasa ta horar da manyan likitoci da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda rediyoloji ke cikin sassanta. Kowace ka bi jarrabawa uku ce. Akwai ta share fage, sai Kashi na Ɗaya, sai Kashi na Biyu wanda ba a ci sai an rubuta kundin bincike an kare shi. Tsakaninsu shekaru ne na aiki a asibitin koyarwa, kana ma'aikaci kana ɗalibi. Na ci ta farko a 2018, na samu gurbi a 2019, lokacin ina amarya. Ƙawayena suka ce na iya zaɓe, ɗaki mai sanyi, ba jini ba ihu. Sanyin nan dai na'ura ake yi wa, ba mu ba.

Watannin farko sun ƙasƙantar da ni. Ni da nake ganin na gama da fiziks tun sakandare, sai ga ni da littafi ina koyon yadda ake haifar da hasken eksire a cikin kwalba, hasken da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano ranar 8 ga Nuwamba 1895. Allon sikanin kuwa, in na ɗora na'ura, abin da nake gani kamar hazon hunturu ne a hanyar garinmu. Babbar likitarmu za ta tsaya a bayana ta ce, "Ga ƙoda nan, ga saifa, ba ki gani ba?" In ce na gani, alhali ban ga komai ba sai toka-toka. Sai da hannu ya saba, sannan ido ya biyo shi.

Kowace safiya akwai zaman duba hotuna. Ƙaramin likita ne yake tsayuwa gaban allo, manya suna zaune a baya. Kafin ka ce uffan kan cuta sai ka karanta suna da shekaru da ranar da aka ɗauki hoton, ka tabbatar ina ne dama ina ne hagu, domin hoton wani a fayil ɗin wani ya isa ya sa a yanka mai lafiya. Akwai wani Cif ɗinmu, haka muke kiran manya, da ba ya faɗa kuma ba ya yabo. In ka nuna masa tabon tarin fuka a saman huhu kana jin daɗi, sai ya ce, "Me kuma?" Ka sake dubawa. "Me kuma?" Sai ka ga ashe akwai karayar haƙarƙari a gefe, ko iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, alamar hanji ya huje. Ido in ya samu abu guda yakan kwanta, cutar ta biyu kuwa a nan take ɓuya. Har yau in zan sa hannu a rahoto muryarsa nake ji.

Wani nauyin da ban san da shi ba sai da na shiga shi ne hana hoto. Duk takardar neman siti sikan, wato hoton eksire na kwamfuta mai nuna cikin jiki yanka-yanka, sai ta biyo ta hannunmu. Hoton ƙirji na eksire radiyeshan ɗinsa, wato hasken da ke ratsa jiki wanda ake aunawa da milisiba, kusan milisiba 0.1 ne, sitin ciki kuwa yakan kai kusan 10, wato ninki ɗari ke nan, alhali abin da mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama a shekara guda bai fi 2 zuwa 3 ba a yawancin wurare. Saboda haka yaro ƙarami ko mace mai ƙuruciya ba a tura su cikin na'urar nan don a kwantar wa likita hankali kawai. Ga kuma kuɗi. Na ga wanda ya sayar da akuyar matarsa ya biya sitin da sikanin mai araha zai iya ba da amsarsa. Sai ka ɗauki waya ka kira wanda ya girme ka a wani sashen, ka ce, "Cif, takardar ciwon ciki kawai ta ce, me ake nema?" Wasu su yi maka bayani, wasu su tambaye ka shekarar da ka gama makaranta.

In za a yi wa mutum allurar ruwan aidin mai haska jijiyoyi, mu ne za mu duba gwajin ƙodarsa, mu tambaye shi asma da abin da jikinsa ba ya so, mu tsaya kusa da allurar adirenalin a shirye, domin akwai wanda numfashinsa ke sarƙewa nan take. A ɗakin na'urar maganaɗisu, wato MRI, babu radiyeshan, amma maganaɗisun ba ya mutuwa ko dare ko rana, yana iya fizgo tukunyar iskar oksijin daga bakin ƙofa. A nan na koyi yadda ake tambayar dattijo cikin ladabi ko akwai laya ko guru a jikinsa, da yadda ake sa Hajiya ta cire fil ɗin mayafi ba tare da ta ji an ci mata fuska ba.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne hoton mahaifa na masu neman haihuwa. Ana yin sa bayan mace ta yi wankan al'ada da 'yan kwanaki, a zuba ruwa ta bakin mahaifa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Yana da ciwo. Muna sanye da rigar dalma mai nauyi, da ɗan bajon da ke auna radiyeshan ɗin da muka sha, wanda ƙa'idar duniya ta ce kada matsakaicinsa ya wuce milisiba 20 a shekara ga ma'aikaci. Matan nan kusan kullum su kaɗai suke zuwa. In na tambaya ko maigidan ya yi nasa gwajin, wanda ba allura ba ciwo, sai a sunkuyar da kai. Wata ta riƙe mini hannu bayan ruwan ya wuce ta ɓangarorin biyu, ta ce, "Likita, don Allah rubuta da manyan baƙi." Wannan rashin adalcin har gobe ban saba da shi ba.

Ranar kwana kuwa ba a cewa komai. 'Yan hatsarin babur ba hular kwano, ka duba sitin kai ka ga jini ya taru tsakanin ƙashi da tantanin ƙwaƙwalwa, ka kira masu tiyatar kai kafin ka ɗauki biro. Mai shanyewar ɓarin jiki, dole ka bambance jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, don maganin wannan guba ne ga wancan. Jariri mai kuka yana kashi da jini, hanjinsa ya shige cikin hanji, wani lokaci da ruwan gishiri muke warware shi muna kallo a allo, ya tsira daga wuƙa. Duk wannan in da wuta ke nan, in kuma na'urar tana aiki. Akwai lokacin da sitinmu ya yi watanni a kwance, dangi suna ɗaukar marasa lafiya a Keke Napep zuwa cikin gari su dawo mana da faifai. Da gari ya waye kuma ba gida za ka tafi ba, gaban allo za ka tsaya, a tambaye ka me kuma.

A haka 2020 ta same ni da ƙaramin ciki. Korona ta shigo ƙasar a ƙarshen Fabrairu, kafin a jima aka rufe hanyoyin da ke tsakanin jihohi. Surukata, wadda dama tun farko take cewa hasken nan yana ƙona mahaifa, ta kira ɗanta tana kuka. Na gaya wa shugaban sashe da wuri, aka ɗauke ni daga ɗakunan eksire, domin abin da ke ciki ba a so ya sha fiye da milisiba 1 har a haife shi. Abokan aiki suka raba nawa a tsakaninsu. Wasu da zuciya ɗaya, wasu da guna-guni, kuma ban ga laifinsu ba, mu kaɗan ne. Ni aka bar ni da sikanin, inda fuskarka da ta mai tari ba ta kai kamu biyu ba. Kullum in na koma gida a bakin ƙofa nake tuɓe kaya. In na kira Baba sai ya ce lafiya ƙalau, in kula da kaina. Na haihu lafiya, suka zo suna, ya yi wa jikarsa huɗuba. Ya ɗan faɗa, amma wa bai faɗa ba a shekarar nan?

Babbar Sallar 2021, a watan Yuli, na je gida. Tun daga zaure na ga abin da ba na son gani. Gefen goshinsa ya lotsa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, cikinsa kuma ya turo gaba. Farin idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Aka kawo masa soyayyar hantar layya, abin da ya fi so, ya taɓa ya ture. Na ce, "Baba, za mu tafi tare." Ya ce kasuwa. Na ce kasuwa ta jira. Ban taɓa yi masa magana da irin wannan muryar ba, shi ma ya lura, bai ƙara musu ba.

A sashenmu ba a son likita ya duba nasa, don haka babbar likitarmu na roƙa. Ta zaunar da shi, suka gaisa, ta tambaye shi iyali da damina. Ni ina tsaye a bayanta inda ita ta saba tsaya mini. Tana ɗora na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama na gani. Hantar ta tsuke, gefenta ya yi gurɓi-gurɓi, ruwa ya kewaye ta, ga wani ƙaton ƙulli ya cinye ɓangaren dama, ga babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji ta cushe. Da a jarrabawa ne da na ji daɗin samun hoto mai sauƙi haka. Ta ce a hankali, "Dakta, je ki zauna a ofis." Baba ya ce, "Bar ta, Likita, ai aikinta ne." Ya juyo da kai ya ce, "Uwata, me kika gani?" Na ce, "Sai an ƙara wani hoton, Baba." Kalmar da nake gaya wa mutane kullum ke nan, ranar na ji ɗacinta a bakina.

Siti ya tabbatar. Ƙullin ya sha ruwan allura da wuri ya sake shi da wuri, yadda sankarar hanta take yi. Gwajin jini ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, mai yiwuwa tun yana yaro, yana cin sa shiru. Likitocin hanta da na tiyata suka zauna, kuma na san abin da za su ce tun kafin su zauna. Ya wuce aiki.

Muna shirin komawa gida ya ce in ɗauko masa katinsa a jaka. Jakar fata ce da yake yawo da ita tun ina yarinya. Cikin rasitai da littafinsa na ajami na ci karo da wani ambulan a ninke huɗu, ya yi laushi don daɗewa. Rahoton sikanin ne daga wani ɗakin hoto mai zaman kansa, kwanan watan Yunin 2020. Na zauna a bakin gado na karanta. Hanta ta yi kaushi. Akwai ɗan ƙulli guda a ɓangaren dama, kimanin santimita 2. Ana ba da shawarar a yi siti, a ga likitan hanta.

Santimita 2. Irin wanda ake yankewa, ko a ƙone shi da allura, mutum ya ƙara shekaru.

Na tambayi Umma. Ta ce lokacin kulle ne cikinsa ya dame shi, ya je aka yi masa hoto, aka miƙo masa takarda a rufe aka ce ya kai wa likitansa. Shi kuwa ba shi da wani likita sai ni, ni kuma ya hana a gaya mini saboda ina da juna biyu. Ya kai wa wani yaro mai kemis, yaron ya juya takardar ya ce olsa ce, ya ba shi magani. Ciwon ya lafa. Takarda ta koma jaka.

Na yi kwanaki ina neman wanda zan ɗora wa. Na so a ce wanda ya yi sikanin ɗin jahili ne, da na samu inda zan sauke fushina. Amma ya gani daidai. Ya auna daidai, ya rubuta daidai, shawararsa ita ce wadda ni ma zan bayar. Da Cif ɗinmu aka kai wa rahoton nan da bai samu abin gyarawa ba. Abin da ya hana ni barci ke nan, domin rahoto irin wannan na rubuta ba adadi. Na ninke na sa a ambulan, na miƙa wa tsoho ko tsohuwa na ce a kai wa likita, na kira na gaba. Ban san nawa ne daga cikinsu suke kwance a jaka ko ƙarƙashin katifa ba.

Ranar 2 ga Agusta ƙungiyarmu ta likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki a ƙasa baki ɗaya, kan albashi da alawus da haƙƙin waɗanda korona ta kashe a bakin aiki. Ya kai wata biyu, gwamnati ta ce ba aiki ba biya. Ina goyon bayan abin da muka nema, kuma na san akwai waɗanda aka mayar daga ƙofar asibiti a watannin nan ba su sake dawowa ba. Duka biyun gaskiya ne. Gaskiya ta uku ita ce ba don yajin ba da ban samu zama da Baba ba. Na tattara 'yata muka koma gida, maigidana yana zuwa ƙarshen mako da abin da ya samu.

Jinyar gida sai wanda ya yi. Ruwan cikin in ya matse masa numfashi sai mu je a zuƙe. Maganin ciwo mai ƙarfi sai an sha wuya ake samu. 'Yan'uwa kowa da abin da ya zo da shi, wasu na cewa sammu ne daga abokan kasuwa. Rubutu da addu'a ban hana ba, ni ma ina tofa masa. Amma ranar da Baffa ya kawo wanzami zai yi masa tsaga a ciki, a bakin ƙofa na tsaya. Baffa ya ce boko ya sa na raina manya. Baba daga ciki ya ce, "Ku bi abin da ta ce."

Wata rana da la'asar ya ji ɗan sauƙi, ya ce in nuna masa hoton. Na buɗe kwamfuta na ɗora masa a kan filo. Na nuna masa ƙashin bayansa, da ƙodojinsa, da hantar, da abin da ke cikinta. Ya daɗe yana kallo, yana sa ni in koma baya in dawo. Ɗan kasuwa ne, yana son ya ga kaya da idonsa. Can ya ce, "Ashe haka kike ganin cikin mutane." Na ce haka ne. Ya ce, "Kina gaya musu kuwa?" Na ce, "Muna rubutawa, Baba." Ya ce, "Da Turanci." Ya yi dariya har sai da ciwon ya tsayar da shi. Bai ƙara komai a kai ba, ba mai dogon zance ba ne. Ya rasu a watan Satumba, daren Juma'a, kafin a janye yajin. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Na koma aiki na shiga jarrabawar Kashi na Ɗaya da ta biyo baya, don na riga na biya kuɗi. A zaman baka aka ɗora mini sitin hanta. Na faɗi sunan cutar daidai. Mai jarrabawar ya ce in ci gaba, sai na ji bakina ya ƙi. Ina kallon allo, yana kallona, har aka kaɗa ƙararrawa. Na faɗi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi duhu. In na shiga ɗakin sikanin aka kwantar da dattijo mai farin gemu sai hannuna ya kama rawa. 'Yan ajinmu kuwa kullum sai ka ji wani ya tafi Ingila, wata ta samu Saudiyya, kuma ban zarge su ba. Na rubuta takardar ajiye aiki na bar ta a kwamfuta. Maigidana bai ce in zauna ba, bai ce in bari ba, sai dai ya karɓi renon dare ya ce in yi barci tukuna. Babbar likitarmu ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta ba ni labarin nata rashin da ban taɓa sanin ta yi ba. Ta mayar da ni ɗakin rubuta rahoto na wani lokaci, sannan ta dawo da ni sikanin a hankali, tana tsaye a bayana kamar farko. Na ci jarrabawar a 2022.

Yanzu ni ce babbar mai neman ƙwarewa, ina rubuta kundina, ƙanana suna kawo mini rahotonsu in duba kafin ya je wurin Cif. Mun yi muhawara sosai a sashe kan abin da ya kamata mu gaya wa mara lafiya. Manya suna da hujja: rahotonmu na likitan da ya turo ne, shi ya san tarihin mutum, kuma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci kan kowace cuta. Ba daidai ba ne ka jefa wa mutum kalmar sankara a kan gadon sikanin, riga a ɗage, layi na jira a waje. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tsakanin wannan da miƙa ambulan a rufe babu komai.

In na ga abin tsoro, ina jira mutum ya gyara rigarsa ya zauna. In ce, "Baba, na ga wani abu a hantarka da ke buƙatar a bi shi da sauri. Kada ka kai takardar nan kemis. Ɗakin likitocin hanta za ka kai ta, ga ranar da suke zama. Wa zai rako ka?" In ya zo da ɗa ko 'ya sai in sa su maimaita mini abin da na ce. Sannan in kira likitan da ya turo shi, in rubuta a ƙasan rahoton wanda na gaya wa da ƙarfe nawa. In daga wani gari aka turo shi ba lambar kowa, sai in rubuta masa da Hausa a bayan ambulan. Wannan yana cin lokaci, layina ya fi na kowa jinkiri, masu kati suna ƙorafi. Kuma ba kowa yake dawowa ba. Wani ya ji sarai, kuɗin siti ne babu.

Bayan sadakar arba'in na sa duk gidanmu sun yi gwajin ciwon hanta. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, rigakafinsa kuwa sai a 2004 ya shiga cikin alluran yara na yau da kullum, don haka duk mu da muka girme wannan shekarar ba mu samu ba muna jarirai. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya su ma suna ƙara wa hanta mai wannan ciwo haɗari, kuma Baba a cikin buhunan gyaɗa ya yi rayuwarsa. Waɗanda ba su da shi an yi musu rigakafi. Yayata da ƙanina suna ɗauke da shi. Yaya tana shan maganinta, duk wata shida tana zuwa a duba hantar, ba ta taɓa saɓawa ba. Ƙanin nawa, wanda ya gaji kasuwar, shi ne mai taurin kai, kullum ranar da aka ba shi sai ta faɗo ranar da kaya suka iso. Na bar yi masa magana, yanzu matarsa nake kira, ita take ɓoye makullin motar har sai ya zo.